Malam Attahiru, Dattijon da Ya Hau Bangon Rumbun Albasa

Hantsi bai gama dubawa ba za ka ga Malam Attahiru ya jingine tsohon mashin ɗinsa a gindin darbejiyar da ke ƙofar ofishin zanen gine-gine a Jega. Zai gaisa da mai shayi, ya tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya har shayin ya huce, sannan ya shiga ya goge tabarau da bakin riga, ya yi bisimilla ya kunna kwamfuta. Da fensir da allo ya fara wannan sana'a. Furfura ta riga ta fito masa lokacin da aka kawo manhajar da ake tayar da gini sukutum a cikin kwamfuta, ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa ya koya, suna yi masa dariyar yadda yake danna madanni da yatsa ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya ce ya gaji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni malamin firamare ne a Aliero, ban san komai a kan zane ba. Abin da na sani albasa ce, domin ita ta yi mana goyo. Yayana Zayyanu manominta ne, kuma bara waccan ruwan farko ya riski amfaninsa a kan rudu, rumfar karan da muke shanya albasa a kai, fiye da rabi ya ruɓe. Ya rantse in haka ta sake faruwa zai jingine fartanya ya tafi kudu ci-rani. Mutum mai 'ya'ya ƙanana, da tsohuwarmu da ba ta iya cin tuwo sai ta ji muryarsa a tsakar gida. Da ƙungiyar manoma ta haɗa ƙarfi za ta gina rumbun bulo mai kafofin iska, duk gidanmu muka ɗora rai a kansa. Albasa ba ta son komai kamar iska, ka toshe ta a ɗaki cikin zafin bazara ka dawo ka kwashi ruwa mai wari.

Malam Attahiru ne ya yi zanen. Shi ya bayyana mini daga baya yadda abin yake. A cikin manhajar, kowace ƙofa da kowace taga tana da ƙananan akwatuna a gefe. Ka danna akwati alamar tik ta fito, abu ya bayyana a jikin gini, ka cire tik ɗin ya ɓace. To amma akwatunan iri biyu ne. Akwai na taga ɗaya tak, akwai kuma wanda ya ɗaure duk tagogin da suke iri guda, wanda shi Malam yake kira akwatin dangi. A ido kamarsu ɗaya, babu wanda ya fi wani girma ko launi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗalha, ya je Jega ya ce a toshe kafofin bangon gabas kawai, tunda daga nan hadari ke kaɗo feshi. Malam ya juyo bangon gabas a fuskar kwamfuta, ya cire tik, kafofin suka ɓace. Ya buga takarda ya miƙa wa Alhaji, wanda ke tsaye da makullin mota a hannu yana ta duba agogo. Al'adar Malam ce in ya taɓa akwati sai ya juya ginin ya duba kowane ɓangare, amma a ranar aka ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi. Akwatin dangi ya taɓa. Takardar da ta isa hannun magini ta nuna rumbu a toshe ruf ta gabas da yamma, kudu da arewa.

Sai bayan kwana biyu wuta ta dawo, ya juya ginin ya gani. Babu wanda ya sani sai shi da Allah. Magini ba ya gardama da takarda, Alhaji Ɗalha kuwa shi ya ce a toshe, da an gama gini an zuba albasa ta ruɓe, da a kansu surutu zai ƙare. Malam ya kira wayar magini Jelani, ba ta shiga. Ya buga sabuwar takarda, ya cusa a aljihu ya hau mashin sai Aliero.

Zayyanu yana wurin, shi ya ba ni labari yana dariya har da hawaye. Bango ya kai daidai sahun da kafofin za su zauna, leburori sun kwaɓa siminti, Jelani kuma ya tafi Maiyama wajen mai walda ɗauko ƙyamare.

"Ku dakata, ɗiyana," in ji Malam. "Takardag ga da ag gare ku akwai ɓata cikinta."

Babban lebura ya ce, "Baba, mu Jelani munka sani. Shi ya ce mu aza, kuma siminti ba shi jiran kowa."

"Awo, gaskiyarka. To ni zan jira shi."

Ya tattare babbar riga, ya taka katakon da suke hawa, ya haye bangon yamma ya zauna daram a kan sahun. Dattijo mai jikoki, ƙafafu na reto, tabarau a karan hanci. In suka matsa kudu ya sauko ya bi su ya sake hayewa. Ganin abin ba na ƙarewa ba ne suka zuba wa simintin ruwa suka koma inuwa. Rana ta dake shi har bayan azahar, a nan ƙasan bangon ya yi salla ya koma mazauninsa.

Da Jelani ya iso ya ga mutum a kan aikinsa, ya ce, "Subhanallahi! Malam, mi ya kai ka bisa?"

"Kuskurena ya kai ni. Ni na toshe rumbun ga da hannuna, ba Alhaji ba, ba kai ba. Amshi wagga, ka yage waccan."

Jelani ya duba takardun biyu. Sannan ya ce shi ma abin ya yi masa wani iri tun jiya, amma ya ɗauka wata sabuwar dabara ce ta masu kwamfuta. Ya tallafi Malam ya sauko da shi.

Kai ne, Attahiru na Dije, wanda bai tsaya neman wanda zai jingina wa laifi ba, alhali ga wuta da aka ɗauke, ga janareto, ga gaggawar Alhaji, kowanne ya isa uzuri. Kai ne ka koma ofis ka raba akwatin nan, kowace kafar iska ta samu nata, ka kuma tara yaran ofis ka nuna musu inda ka yi tuntuɓe da bakinka, ba ka bari sun ji a gari ba. Abokan aikinka sun shaida mini yanzu ko ƙaramin cikinsu ba ya cire tik sai ya tambayi kansa na mutum ɗaya ne ko na dangi.

Albasar ta shiga rumbu da bazara. Ba zan ɓoye muku ba, duk wannan zafin ban yi barcin kirki ba, kowane mako sai na bi ta wajen na shaƙi iskar da ke fitowa ko zan ji wari. Ban ji ba. Da damina ta yi nisa aka buɗe, albasa jawur, ɓawonta na ƙara a hannu. Na yi hamdala.

Mun gode, Malam. Allah Ya ba ka hutu mai albarka, Ya ƙara wa idanun nan haske, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu zane da masu gini da mu masu alli, kowa yana kuskure, wannan ba abin kunya ba ne. In naka ya fito, kada ka aika yaro, kada ka jira a gano. Tashi ka je da ƙafarka tun siminti bai bushe ba. Zayyanu yana gida bana, ya riga ya zuba irin albasar baɗi.