Malam Sabo Mai Laima da Hasashen Walida

Duk Doha, daga Mesaimeer har bakin teku, babu wanda ya kai ni iya duban yaro in faɗi inda zai kai a karatu. Kallo ɗaya ya ishe ni! Haka nake faɗa a kowane zama, haka kuma na faɗa a gaban Malam Sabo, Allah ya jiƙansa, ranar da na kai masa 'yata Walida. Ya bar ni na gama tsaf, ya jingine laimarsa a jikin kujera, ya ce, "To Ɗanlami, tunda ka riga ka sani, me ya kawo ka?"

Ku da kuka san shi kun san laimar nan. Baƙa ce, mai mariƙin katako, ta girmi wasu daga cikin masu karanta wannan. A tsakiyar zafi, lokacin da takalmi ke mannewa a kwalta, za ka gan shi ya nufo masallacin Juma'a da ita a hammata, a naɗe. Direbobinmu su yi ta tsokanarsa, "Malam, yau ma ruwa za a yi?" Shi kuwa ko murmushi babu, sai ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Akwai yiwuwa."

Aikinsa ke nan, hasashen yanayi, a ƙasar da ruwa ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Kalmar "tabbas" kuwa ba ta cikin bakinsa. Matarsa Hajiya Turai ta ce ko tambayarsa ta yi ko ya ƙoshi, cewa yake alamu sun nuna haka. Ranar da ruwan ya zo da gaske, tituna suka cika, wallahi da idona na gan shi a bakin masallaci ya jiƙe sharkaf, ya cusa laimar cikin riga. Na ce, "Haba Malam, buɗe ta mana!" Ya ce, "Tun daga Gusau na zo da ita. So kake ta lalace?"

Abin da ya sa iyaye ke kai masa yara don shawarar neman makaranta, shi a Amurka ya yi karatu, 'ya'yansa ma can suka yi, a irin ƙananan kwalejojin nan da ba a fara zaɓen sana'a. Yaro ya karanta tarihi, ya taɓa falsafa da lissafi da adabi, sai daga baya ya zaɓi fanni. Masu nema tuli, kujeru 'yan kaɗan. Ɗaya daga cikin kwalejojin nan Walida ta ƙwallafa rai a kai. Ni likita na so ta zama, amma da na ji an ce shiga wurin sai wane da wane, sai na ce ai nan ya dace da 'yata. Kafin ta aika komai na riga na shaida wa rabin Hausawan Doha, har na yi alkawarin rago.

Zaman farko, Malam ya dube ta ya ce, "Walida, me kike karantawa idan ba wanda ya sa ki?"

Na ce, "Komai, Malam! Har kwalin magani."

"Me ya sa kike son wannan makarantar?"

Na ce, "Saboda ta fi kowace."

Ita kuwa kanta a sunkuye, tana wasa da bakin mayafi, yadda muka tarbiyyantar da ita. Malam ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ɗanlami, shayin karak nake sha'awa. Ba na shagon ƙasan benen nan ba, akwai wani shago a Mushairib. Kuma ka hau jirgin ƙasa, a mota shayi girgiza yake yi. Yalla, tashi ka tafi."

Haka na zama ɗan aiken shayi, ni da furfurata. Duk sati in ratsa gari in dawo da shayin ya huce, ya karɓa ya shinshina ya miƙo mini ya ce in shanye. Wata rana na yi masa wayo, na saya a ƙasan bene na hawo. Ina isa ƙofa na ji muryar mace tana cewa, "A'a Malam, ban yarda ba! Wanda ya rubuta littafin nan a kan fatake bai taɓa tambayar fataken su kansu ba." Malam na cewa, "Kawo hujja." Ta kawo, ta ƙara, har da buga hannu a tebur. Sai da na saurara sosai na gane 'yata ce. A gidana ta girma, ban taɓa jin wannan muryar ba. Na zauna a matakala da kofin a hannu, ban shiga ba sai da suka gama.

Da aka zo rubutun da makarantar ke so ɗalibi ya yi a kan kansa, na ce a bar mini. Na tsara cewa kakanta dagaci ne, ubanta injiniya, gidanmu gidan ilimi tun kaka da kakanni. Malam ya karanta ya ce, "Madalla. Kakan nata ne zai zauna a ajin?" Ya sa ta rubuta nata.

Daga ƙarshe na tsare shi. Na ce, "Malam, don Allah ka faɗa mini gaskiya, za su ɗauke ta ko ba za su ɗauke ta ba?"

Ya ce, "Makinta ya yi kyau, amma duk wanda ya nemi wurin nan makinsa ya yi kyau. Tana da baki yanzu, tana da abin faɗa. Hadari ya haɗu, Ɗanlami. Sai dai na sha ganin hadari ya haɗu a kan Doha, ya wuce ya zuba a teku. Sai ta nemi wasu makarantun ma. Kai kuma ka rufe bakinka."

Ita ta ji maganarsa. Ni ban ji ba.

Ba su ɗauke ta ba. Walida ta shiga ɗaki ta rufe, ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata ta bayan ƙofa, ba makarantar ta ambata ba. Cewa ta yi, "Baba, yanzu me za ka ce wa mutane?" Na bar bakin ƙofar na je na kira Malam.

Malam ya zo bayan la'asar, shi da Hajiya Turai, yana jan ƙafa, don ciwon ajalinsa ya riga ya fara cinsa. Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofarta. Ya ce, "'Yata, ni na san sama. Idan ta hana ruwa, ba ta duba gonar wa ta fi kyau ba. Mutane kuma ki bar wa babanki, shi ya tara su, shi zai sallame su." Sannan ya ce, "Ke ɗaliba ce. Wannan tabbas ne." Hajiya Turai ta dafe ƙirji ta ce tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Walida ta buɗe ƙofa, tana kuka tana dariya.

Malam yana kwance a asibiti amsar wata kwalejin ta zo, ƙarama a cikin irin waɗancan, suka ce ta zo. Can take yanzu, tana musu da malamai yadda ya koya mata. Shi bai ga tafiyarta ba.

Allah ya jiƙan Malam Sabo, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya zauna a bakin ƙofar 'yata da ciwo a jikinsa, Allah ya buɗe masa ƙofar rahama, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Hajiya Turai da yara haƙuri. Amin.

Ganina da shi na ƙarshe shi ne ranar da na kai masa albishir ɗin. Na faɗa ɗakin ina ɗaga murya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Na ce, "Malam, sun ɗauke ta! Ai na faɗa maka, abin a jini yake. Ƙwaƙwalwa gado ce!"

Ya buɗe ido da ƙyar, ya daɗe yana kallona, ya ce, "Gado dai ta yi, Ɗanlami. Ka yi wa uwarta godiya."