Wuƙar Getzel

Mahaifina Getzel Rubinfeld shekara ashirin da shida yana yanka wa Yahudawan Antwerp shanu, ba a taɓa mayar masa da nama ba. Dokar yanka a wajenmu ba ta da sassauci: in bakin wuƙa yana da giɓi ko da kamar silin gashi ne, dabbar ta zama mushe. Shi ya sa kowace safiya yakan bi bakin wuƙarsa da farce, sama da ƙasa, idonsa a rufe. Mutum ne mai zafin rai, ya kuma san haka. Kullum kafin sallar yamma yakan keɓe rabin sa'a yana karatun gyaran hali, yana cewa mai fushi da mai bautar gunki duk kanwar ja ce. Mahaifiyata Pessel takan ce, "Ka yi ta karatu, Getzel, ƙofofin gidan nan dai sun san halinka."

Ana saura kwana huɗu sabuwar shekara, lokacin da kowane gida ke jiran nama, Reb, wato Malam, Sender Halpert, mai duba wuƙaƙen mahauta, ya karɓi ta mahaifina a gaban ma'aikata. Ya ja farcensa sau ɗaya, ya ce akwai giɓi. Mahaifina ya ce a kira wani ya duba. Sender ya sa wuƙar a jakarsa ya fita. Da yamma ya tsaya a majami'a ya sanar cewa kada kowa ya ci yankan Getzel na ranar. Bayan biki aka ba surukin Sender aikin, mutumin da ko kaza yake yankawa sai hannunsa ya yi rawa.

Kowa ya gane abin da aka yi. Babu wanda ya tsaya masa. Mutanen da mahaifina ya ciyar da su rabin rayuwarsa suka riƙa tsallake titi idan sun hango shi. Ya koma feɗe kifi a shagon wata gwauruwa, yana dawowa da ƙarni har cikin gemu. Wanda ake shirin haɗa ni aure da shi, iyayensa suka aiko cewa sun sake tunani.

Shekara bakwai bayan haka, a jajibirin Yom Kippur, ranar azuminmu ta neman gafara, Sender ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da mutum uku a bayansa. Azumin ranar ba ya wanke laifin da ka yi wa ɗan'uwanka sai ka roƙe shi, in ya ƙi ka koma har sau uku da shaidu. Likita ya gaya wa Sender zuciyarsa ta yi rauni, shi ne ya tuna da doka.

Ya ce, "Reb Getzel, idan na taɓa ɓata maka rai, ka yafe mini."

Mahaifina ya ajiye cokalin miyarsa. "Idan? Ba ka da tabbas ke nan. Koma gida ka tuna, sai ka dawo."

Bayan sa'a ɗaya suka dawo. Sender ya ce wataƙila ya yi gaggawa a kan wata magana ta da.

"Wace magana?"

"Ka san ta."

"Na san ta, ni na ci ta da burodi shekara bakwai. Kai nake so ka faɗa. Akwai giɓi a wuƙata?"

Sender ya dubi takalmansa. Mahaifiyata ta rufe ƙofar.

A karo na uku mahaifina bai bar shi ya buɗe baki ba. Ya ce, "A majami'a ka kashe ni, a gaban mutum ɗari biyu. Yau da yamma za su taru. Ka tsaya inda ka tsaya, ka ce ƙarya ka yi, na yafe maka kafin ka sauko."

Sender ya juya ga shaidunsa. "Kun gani, sau uku ke nan. Na sauke nawa. Daga yanzu nauyin yana wuyansa." Suka tafi, ɗayansu har yana yi mana fatan a rubuta mu cikin masu rai a sabuwar shekara, kamar yadda ake gaisuwar ranar.

Ban taɓa ganin mahaifina haka ba. Ya ɗaga kujera kamar zai maka ta da bango, ya tsaya da ita a sama yana huci, sannan ya ajiye ta a hankali. Ya ce mini, "Treina, kawo mini rigata." Ya tafi wajen rabbi, malamin addininmu. Rabbin ya gaya masa gaskiya, cewa wanda aka ɓata wa suna da ƙarya doka ba ta tilasta masa yafewa ba, amma mutumin kirki yakan yafe. Mahaifina ya ce, "To ku da kuka san an ɓata mini suna, ina kuke shekara bakwai?" Ya juya ya dawo gida.

Sender ya rasu da bazara. Masu wankan gawa na unguwarmu tsofaffi ne biyar, mahaifina na cikinsu, kuma ranar biyu ba su da lafiya. Na ce wa mahaifina, "Tate, kada ka je." Ya ce gawa ba ta da laifi, ya tafi. Ya wanke shi, ya sa masa likkafani da hannunsa. Al'ada ce idan an gama, masu wanka su roƙi mamaci gafara ko sun saɓa masa wajen juya shi. Babban cikinsu da ya saba yin roƙon ya rasu shekara ɗaya kafin nan, girman ya dawo kan mahaifina, don haka shi ne ya faɗi kalmomin.

Ya dawo fuskarsa ja wur. "Ni na roƙe shi, Pessel. Da bakina na ce, Sender ɗan Kalman, ka yafe mana."

Mahaifiyata ta ce, "Ya amsa?"

"Kamar yadda ya saba."

Ya ƙara shekara tara a shagon kifi. Ko ya yafe ko bai yafe ba, bai gaya wa kowa ba. Ni ban yafe ba. Surukin Sender har yanzu yana yanka, ni kuma naman gidana daga Brussels ake kawo mini shi.