Mutumin da Ya Ƙi Binne Dela da Ranta

Kullum ƙarfe bakwai Malam Jalaluddeen yake jingine babur ɗinsa a bayan wani ƙaramin banki a Kazaure, ya shige ɗakin da ko taga babu. Shekara goma sha tara ke nan. Masu bin layi ba su san da zamansa ba. Matarsa ma in an tambaye ta aikinsa, cewa take, "Gadin kwamfuta yake yi." Alhali shi ke tsara yadda bayanan jama'a za su haɗu, abin da aka rubuta a reshen Babura ya yi daidai da na Roni.

Shekarar da bankin ya haɗe da wani, aka kawo manhaja mai tace sunaye: in suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne. Jalaluddeen ya riƙe baki. A ƙasar da duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba ake rubuta masa ɗaya ga Janairu, rabin gari kuma da sunan garin suke amsawa a takarda?

Manaja ya ce, "Malam, Juma'a fa ake jiranmu mu danna a haɗe sunayen nan."

"Ranka ya daɗe, ga Dela Gwiwa har biyu. Ɗaya ta rasu bara. In na danna, na binne mai ran."

Mai ran tsohuwa ce mai sayar da nono, shekara goma tana tarin kuɗin kujerar Makka, saura mako biyu a rufe biya. Da an rufe asusunta da sunan mamaciya, kafin a warware jirgi ya tashi. Ya hau babur har rugarsu. Ta ƙare masa kallo ta ce, "Ɗan nan, tun daga Kazaure don ka ga ko ina numfashi?" Ya dawo ya warware tsarin kaf ya sake shi. Juma'a ta wuce, ya sha faɗa har da takardar gargaɗi, amma mutum ɗari uku da 'yan kai suka tsira da sunayensu.

Malam Jalaluddeen, kai ne mai haɗa kan bayanai ba tare da ka tattake kan mutane ba. Yau da za ka ajiye aiki, Malam, mu abokan aikinka mun gode, Allah Ya saka. Ku masu tasowa, ku koyi tsayawa ku tambaya kafin ku danna.

Hajiya Dela har yau ba ta san sunanka ba. 'Yarta ta ce a Arfa cewa tsohuwar ta yi, "Ya Allah, yaron nan na banki, Kai Ka san shi."