Bedih Mai Gahawar Gidan Makoki

Surukata Zuhre, Allah Ya jiƙanta, ita ta fara ba ni labarin Bedih, ina amarya sabuwar zuwa unguwarsu a garin Urfa. Ta ce duk gidan da aka yi rasuwa, kafin a ɗauki gawa Bedih ya hura gawayinsa a ƙofar gida.

Gahawar makoki yake dafawa, mai ɗacin nan da muke ce wa mirra. Ya soya 'ya'yan, ya daka, ya tafasa, ya tace, ya juye a ƙaramar tukunya ya sake tafasawa, har ta yi kauri tana kama finjali. Finjali ɗaya ke zagaya maza, kowa kurɓi biyu. Wanda ya sha, a hannun mai zubawa zai mayar da finjalin. In ya dire shi ƙasa, to, indai mai zubawar ba shi da mata, ya ɗaukar wa kansa nauyin yi masa aure.

Bedih kuwa har furfura ta fito masa ba mata. Uwarsa ya yi ta jinya, makauniya ce, da ta rasu kuma kunya ta hana shi nema. Kowa ya san Hediye yake so, bazawarar da ke bayan katangarsa, amma ko gaisuwar kirki ba ya iya yi mata.

Maza suna tsokanarsa: "Tuzuru, yau fa zan ajiye."

"Ajiye mana, in ka riga ni."

Ba wanda ya taɓa riga shi. Baƙon da bai san al'ada ba in ya sunkuya zai ajiye, sai ya tarar da tafin Bedih a ƙarƙashi. Cewa yake: "Mutum ya zo gaisuwar mutuwa, ba zai koma gida da ni a wuyansa ba."

A makokin surukina ne abin ya faru, maigidana yana wurin. Alhaji Nimet, tsohon mahaucin unguwa, ya sha ya gama, ya damƙe wuyan hannun Bedih da hagu, ya dire finjalin a tabarma da dama.

"Ka gani, tsufa. Hannuna rawa yake."

"Baba, hannun da ke neman karya ni ne ke rawa?"

"Rufe mini baki. Kowa ya shaida?"

Aka ce an shaida, ana danne dariya saboda gidan makoki ne. Bedih ya sunkuyar da kai ya ce abu ɗaya ya roƙa: a tambayi Hediye ita kanta, in ta ƙi, a bar maganar har abada.

Ni da surukata aka aika bayan an share makoki ta fita takaba. Muka samu Hediye tana shanya barkono a kan soro. Ta saurara, ba ta daina aikinta ba.

"Inna, ku ce masa na ji. Amma dakan gahawarsa na asubar nan da ke tashina, ya bari sai na idar da salla."

Allah Ya sa albarka a auren, ban taɓa jin kansu ba.

Yanzu gwiwa ta hana shi zagayawa. A zaune yake dafawa, Hediye ke soya masa 'ya'yan gahawar a gida. Yau ma yana can gidan masu saƙa, tsohuwarsu ta rasu jiya, Allah Ya sa ta huta.