Buhun Ƙanzona da Ragon Maƙwabciya

Ko zan manta komai na zamanmu a Tudun Wada, ba zan manta ranar da aka ba rago abincin 'ya'yana ba. Yaran sun girma yanzu, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekarar da aka yi dogon yajin aiki ne, maigidana da ke aiki a jami'a, a harabar Kongo, ya yi watanni ba albashi. Ni kuwa tun a gidanmu ba a koya mini zubar da abinci ba. Tuwon da ya kwana ɗumame ne da safe. Ƙanzon gindin tukunya kuma in kankare shi, in shanya, in ya bushe ƙarau in zuba a buhu. Ranar da babu cefane sai in jiƙa shi, in daka ƙuli-ƙuli, in yanka albasa, in ɗiga ɗan mai, a yi kwaɗo. Yara su ci su sha ruwa su fita wasa. Da buhun nan nake sa ran mu kai ƙarshen yajin ba tare da kowa ya ji asirinmu ba.

Rannan da rana sai ga yayar maigida daga unguwar Hanwa, tana ƙamshin turare. Ta tarar da yara sun kewaye kwano.

"Me zan gani haka? Ƙanzo?" ta ce. "'Ya'yan ƙanena ne ke cin abincin tumaki?"

Na ce, "Yaya, ai suna so."

"Suna so, ko dai shi kika ba su?"

Yayar miji ce, ba a ja da ita. Na shiga ɗaki in yi La'asar. Ko da na fito, ba buhu a madafa. Ashe Yaya da kanta ta ja shi zuwa gidan tsohuwar maƙwabciyarmu mai kiwon rago. Da Yaya ta dawo, ta karkaɗe hannu ta ce in daina kunyata danginsu, gobe za ta aiko da buhun shinkafa. Shinkafar nan har yau tana hanya.

Tana tafiya na yafa mayafi, na shiga wurin tsohuwar. Na makara. Ta riga ta juye buhun a cikin ruwan dusa, ragon ya tsoma baki yana ci har da lumshe ido. Ƙanzon da na yi watanni ina kankara da cokali! Nan na tsaya hawaye suka zubo mini.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ce mini aka yi shara ce. Ashe abincinku ne?" Ta auno mini garin masara a kwarya, na karɓa kaina a sunkuye. Asirin da na yi ta rufewa ke nan ya tonu. Makonnin da suka biyo baya kuwa, koko ne safe da rana, ƙaramar 'yata tana tambayata yaushe za a yi kwaɗo.

Da Babbar Sallah ta zo, tsohuwar ta aiko mana da cinya guda ta ragon nan, ta ce a gaya mini ƙanzona ne ya dawo gida. Na soya. Sai ga Yaya ta zo barka da Sallah, ta zauna ta ci son ranta, tana cewa, "Kai, wannan rago ya sha kiwo! Me aka ba shi?"

Na ce, "Abincin 'ya'yan ƙanenki, Yaya."

Tun daga ranar na ɗau darasi: wanda ba shi zai cika mini tukunya ba, ba shi da ta cewa a kan abin da ke cikinta. Har gobe ina shanya ƙanzo, a tsakar gida kuma, inda duk mai shigowa zai gani.