Kaka Kambar, Mai Rakiyar Ungozoma

Kullum bayan sallar asuba Kaka Kambar yakan kurɓi koren shayi, ya cusa guntun gurasa a aljihu, ya ƙwala kira: "Marziya! Sai rana ta fito ta same mu a gida?"

Marziya 'yarsa ce, ita kaɗai ce ungozoma a kwarinmu, cikin duwatsun Daikundi. Tun da hukuma ta ce mace ba ta tafiya wurin aiki sai da muharrami, aikinta ya rataya a ƙafafun tsohon nan. Mijinta ya rasu, yayyenta biyu suna leburanci a Iran. Duk ranar da Kaka bai fita ba, ɗakin haihuwa a kulle yake, mai naƙuda kuwa sai ta Allah.

Tafiyar awa biyu ce, hawa da gangara. In sun isa, namiji ba ya shiga, sai Kaka ya zauna a dakali har la'asar. Shekara huɗu ke nan. Gonarsa ta alkama ciyawa ta cinye ta.

Manyan duniya kuwa suna can suna taro a kanmu. Mukan ji a rediyo: an zauna a birni kaza, an nuna damuwa, an tashi. Waɗannan sun ce ba sa sakin taimako sai an ba mata 'yancinsu, waɗancan sun ce ba mai koya musu mulki. Kowa ya koma gida da girmansa, mu aka janye wa motar asibiti. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Bara wasu baƙi suka zo daga wata ƙungiyar agaji, a gabana aka yi. Mai ɗaukar hotonsu ya ce wa tafinta, "Tsohon nan ya matsa, yana ɓata mana hoto."

Kaka ya miƙe, ya kaɗe rigarsa. "To, ɗana, na matsa. Amma in na yi nisa, ƙofa a rufe za ka ɗauka."

Kai ba ka taɓa karɓar haihuwa ba, Kaka, amma babu jaririn kwarin nan da bai biyo ta sawunka ba. Babu sunanka a rahoton kowa.

Da sanyin bana gwiwoyinsa suka ƙi. Aka aro jaki aka ɗora shi, Marziya tana ja. A shingen hanya mai gadi ya yi dariya: "Dattijo, wa ke rakiyar wa?"

"Kai dai ka ga muharrami ko ba ka gani ba? Ɗaga sandarka, akwai mai naƙuda tun jiya."

Mun gode, Kaka, Allah ya biya ka. Ku mazan kwarin nan, duk mai 'ya ko ƙanwa da ta iya aiki, ya tashi ya raka ta, kada ya jira a tashi daga taro. Ku kuma 'ya'yansa da ke Iran, ɗayanku ya dawo. Jiya sai da mutum biyu suka sauko da shi daga kan jakin.