Magani Biyu a Ludayi Ɗaya

Haƙoranta ne suka fara bugun bakin tasa, kaf-kaf-kaf, tana shan kunu da hantsi. Ina tankaɗe na ɗaga kai, na ga rana ta buɗe sosai amma yarinya tana rawar ɗari. Ƙarshen damina ne, tafkin Kalmalo ya cika ya batse, kuma kowace uwa a Illela ta san abin da ke biyo bayan cikarsa.

Ita ce 'yata ta fari, shekarunta shida. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta tsaya masa ko ana dukansa. Kunya ce, da ita aka raine mu. Sai na ajiye rariya a hankali, kamar ba abin da ya dame ni, na ce ta shiga ɗaki ta kwanta.

A lokacin Turawa sun riga sun raba ƙasa, mu muna hannun Ingilishi, Ƙonni tana hannun Faransa, maigidana kuwa falke ne mai bin duka biyun. Akwai kwalbar maganin masassara a ɗakinsa, wadda ya karɓo wurin malamin asibiti da ya zo rangadi. An ce ludayi ƙarami safe da yamma. Na ba ta kwana biyu, jiki ya sassauta, amma da la'asar zafin yana dawowa.

Rana ta uku maigida ya dawo daga Ƙonni da wani farin gari ƙunshe a takarda. Wani ma'aikacin Faransa ya ba shi. Bayan azahar wan maigida ya shigo dubiya, malami ne da ake kira rabon gado har garuruwan Araba da Gidan Katta. Suka zauna a inuwar rumbu, ina daga bakin madafa ina jin su.

Maigida ya zube ƙwallon dabino goma a kan tabarma. Ya ce, "Ga cutar nan. Na Ingilishi ya ci rabi, mun gani da idonmu." Ya ture biyar gefe. "Na Faransa ma rabi shi ka ci, haka ya yi ma wani mai jakaina. Rabi da rabi, mi ya rage?" Ya share sauran da gefen hannu.

Wan ya yi murmushi, ya maido biyar ɗin. "Lissafin kasuwa ke nan, ƙane. Na biyu ba goma zai tarar ba, biyar zai tarar. Rabin abin da ya tarar zai ci. Biyu da rabi na nan kwance cikin jikinta."

"A'a, Yaya, kowane da rabonshi."

"Ko gado sai an fidda wasiyya kana a raba saura."

Sun fi sa'a guda a kan wannan. Har dariya suke yi, wan ya nemi wuƙa zai tsaga ƙwallo biyu don ƙanen ya ga rabin da idonsa. Yarinya tana ciki tana nishi, ba wanda ya leƙa. Daga ƙarshe maigida ya sallama. Ya ce tunda akwai saura, sai a ƙara awo ɗaya na garin, ya kwashe biyu da rabin nan. Wan ya ce ko hakan ba zai cinye duka ba, amma abin da zai rage ba ya kai a damu.

Ni aka miƙo wa takardar in dama. Da na buɗe sai na dangwala da yatsa na sa a harshe, kamar yadda nake yi wa duk abin da zai shiga cikin yaro. Sannan na ɗanɗana na kwalba. Ɗaci iri ɗaya ne, mai maƙalewa a can ƙarshen harshe. Na yi shekaru a makarantar 'yan mata ta Sakkwato kafin aure, na san rabi na san rubu'i, amma abin da ya zo mini a rai daga madafa ya zo. In ka zuba gishirin Balma a miya ka ƙara na kanti, ba kayan miya biyu ka sa ba, gishiri ne ya yi yawa.

Na durƙusa daga nesa na ce, "Malam, ina ga kamar abu guda ne."

Maigida ya ce, "Mi kinka ce?"

"Ɗacinsu ɗaya. Kar ya zan magani ɗaya za a ba ta sau uku."

Ya dubi wansa. "Ka ji 'yar makaranta. Bature biyu da ba su jin harshen juna, su yi magani guda? Wane magani ne ba shi da ɗaci?"

Wan bai dube ni ba. Ya ce, a hankali, "Yau kuma uwa ke ma ɗiyar fari magana gaban mutane."

Wannan maganar ce ta rufe mini baki. Da ya zage ni da na ƙara faɗa. Amma ya taɓa kunya, sai na ji kamar zanena ya kwance a kasuwa. Na tashi na dama, da hannuna, na kwalba da awo biyu na garin, a ludayi ɗaya. Ta ƙi sha, uban ya toshe mata hanci har ta buɗe baki. Ta yi amai, ya ce wannan bai shiga lissafi ba, a sake. Na sake. Kwana uku ana haka, safe da yamma. Ta ce mini kunnenta na ƙara, na ce ta yi haƙuri. Na yi ta roƙon Allah a kan sallaya, ban ƙara roƙon mutum ba.

Masassara ta tafi. Rana ta huɗu da fara haɗin, da safe, ta fito ta zauna a gindin turmi, ta ba ƙofa baya, tana wasa da ɓawon gyaɗa. Maigida ya aika aka kira wansa ya zo ya ga aikin lissafi. Da wan ya iso, maigida ya kira ta, "Ke, zo ki gaida Baffa." Ba ta juyo ba. Ya sake kira da ƙarfi. Da ya kira na uku ya taka ya ɗauke ta da mari, ta faɗi kan taɓarya, tana dubansa da mamaki, ko kuka ba ta fara ba.

Wan ya zagaya bayanta ya tafa hannu daf da kunnenta. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Sai ya ce yana da rabon gado a Araba, ya sa takalmi.

Maigida ya juyo gare ni. "Lissafi daidai shi ke. Ke kinka auna."

Na nufi yarinya. Na ɗauke ta a gabansa, abin da ban taɓa yi ba, na kai ta ɗaki na zaunar da ita a cinya. Na kira sunanta, na sake kira, ina share mata jinin leɓe ina ba ta haƙuri. Tana ta kallon bakina. Sai ta ɗora yatsa a kansa, ta ce da murya mai ƙarfi fiye da tata ta kullum:

"Inna, ki bar wasa. Ki yi maganar da gaske, ba ni jin ki."